Inna Saude da Rigar Jangwada

"Ke dai bari. An ce da keken ɗinkin ya gudu gaba ɗaya."

"Wane gaba ɗaya? Kan keken ta ba shi ya kai mata gyara."

"Yo ai shi ne keken. Ƙafar keken, me za ta tsinana mata, dafawa za ta yi?"

"Ni fa na kasa yarda. Yaron da ya kai ni asibiti ina naƙuda, yana ta jera min sannu kamar shi zai haihu?"

"To zauna nan. Da idonta ta ga kujerar babur ɗin, ruwan goro a gaba, shuɗi a baya. Jangwada nawa ne a garin nan?"

"Ta ga fuskarsa?"

"Ji min mata! Matar aure ta tsaya a ƙofar gida tana ƙare wa ɗan acaɓa kallo? Ga ruwa ana yi, ya lulluɓa da leda har ka."

"Allah ya kyauta. Miƙo min muciyar nan, tuwon zai kama."

"Ni dai na gaya wa maigidan, ko masara ce kada a ƙara ba shi ya kai niƙa."

A gidan suna aka yi wannan hira, a Ƙafin Maiyaki, tsakiyar damina, mata sun kewaye tukunya a ƙarƙashin rumfar kwano. Abin da ba su lura da shi ba, tagar ɗakin mai jego a buɗe take, a ciki kuma akwai wata tsohuwa da ta zo gwada wa jaririya hula da safa. Sai ganinta suka yi ta ɗaga labule da hular a hannu, ko sa wa yarinyar ba ta gama yi ba.

"Lah, Inna Saude! Ina wuni? Ba mu gan ki ba."

"Ai ba kwa gani. Yanzu na ji da kunnena. Kujera kawai kuke gani."

Ta dangwarar da hular a kan turmi, ta lalubi takalminta, ta fita ba ta ci tuwon sunan ba. Wanda ya san Inna Saude kuwa ya san ba ta barin tuwon suna sai da dalili mai ƙarfi.

A Badafi aka haife ta, gidan manoman dawa. Tun tana yarinya faɗan da ake yi mata guda ne: tsayuwa. A aike ta rijiya, a tarar ta ajiye tulu tana kallon gansakukar da ta fito a jikin dutse. A aike ta kai abinci gona, ta tsaya a kan zoɓo tana duba yadda jansa ke sauyawa daga gindi zuwa baki, masu noma na can yunwa na cin su. Uwarta ta ɗauka iska ce, ta kai ta wurin malami a yi mata rubutu. Malamin ya tambaye ta me take gani in ta tsaya, ta ce launi. Ya ce a mai da ita gida, a dinga aikenta da wuri.

Ta auri Uba mai gyaran keke, suka ɗan zauna a Falgore, daga baya kasuwa ta jawo su Ƙafin Maiyaki. Saƙa kuwa a asibiti ta tsince ta, a Tudun Wada, lokacin da take jinyar surukarta. A gadon kusa da su akwai wata mata daga wajen Jos tana jinyar mijinta, da ƙarafa biyu a hannu tana ta sarƙa zare. Saude ta zuba mata ido har matar ta gaji ta ce, "Zo ki riƙe, kada ki cinye ni da kallo." Kafin a sallami surukar, Saude ta iya. Da suka koma gida Uba ya zare wayoyi biyu daga tsohuwar ƙafar keke, ya goge bakinsu a dutse, ya miƙa mata. Da su take saƙa har yau. An sha kawo mata na kanti, ta ce sun cika santsi kamar bakin dillali.

Sabon zare bai taɓa burge ta ba, wai launinsa ihu yake yi, ba ya magana. Rigunan sanyi na gwanjo take bi ta tsinto, ta warware su, ta jiƙa zaren a ruwan ɗumi ya miƙe, ta kifa kujera 'yar tsugunno ta nannaɗe shi a ƙafafunta, ta shanya. Igiyar shanyarta ita ce abin kallon unguwar. Kuma har ta tsufa tsayuwar nan ba ta sake ta ba. Barkonon da aka shanya a gefen kwalta, ja a kan baƙi ga farin rogo a gefe, ya isa ya tsai da ita har mota ta yi mata oda. Tsatsa a jikin tsohon kwano ma haka. Ta taɓa sauka daga motar haya a bakin dajin Falgore bayan an yi gobara, don kawai ta ga sabuwar ciyawa kore shar tana huda toka, direba na rantsuwa zai tafi ya bar ta. Ba ta zane, ba ta rubutu. In ta kalla sai ta nufi gida da abin a ka, wanda duk ya tare ta da doguwar gaisuwa ya sha masifa, wai zai zubar mata.

Masifa kam tana da ita, ba ta kuma taɓa ɓoyewa ba.

Kafin Uba ya rasu babura sun riga sun kori kekuna, tsohuwar rumfarsa ma ta koma tashar 'yan acaɓa. Wata rana ta ga wata mai ciki ta hau babur ɗin da ya wuni a rana, ta zabura kamar an ɗana mata wuta. Inna Saude ta wanke mai babur ɗin tas a gaban abokansa, sannan ta koma gida ta saƙa wa kujerarsa riga. Daga nan sauran suka fara zarya.

Ba ka zaɓar launi a wurinta, wannan kowa ya sani. Ka zo ka zauna a zaure, ta kalle ka, ta ji maganarka, ta ce tashi ka tafi. Ghali mai surutu da saurin hawa, ta yi masa ja a kan baƙi da ratsin fari, ya zama Barkono. Wani dogo marar magana ta yi masa ruwan makuba mai gaɓa-gaɓa da koren ganye a baki, ya zama Rake. Kuma abin da ta yi wa wani ba ta ƙara yi wa wani, ko da kuka ya zo.

Abin ya yi wa matan garin daidai fiye da yadda ita kanta ta zata. Mace ba ta kama sunan mijinta, ba ta kama na surukinta, ba ta kama na ɗan farinta, ga shi rabin samarin tashar Abdulrahman ne ko Abdulmalik ko Muhammadu. Ga kunyar ɗaga ido a kalli namiji. Sai rigunan Inna Saude suka raba gardama. Mace ta leƙo ta zaure, ta hango launi, ta ce "Barkono!" ya juyo. Ta ba shi niƙa, ta ba shi abincin gona, ta ba shi 'yarta ya kai Islamiyya, ba ta san sunansa ba, ba ta san kamanninsa ba, hankalinta kwance.

Ita kuwa mai rigunan ba ta hawa babur. Sau ɗaya ta taɓa, zamanin Uba, da ya aro na wani zai kai ta Badafi gaisuwa. Suka zame suka faɗa gonar shinkafa, ta tashi taɓo har gira, 'yan ƙodago na riƙe ciki. Tun ranar ta ce ita da shi har abada, ko ina ne ta taka ko ta jira mota. Kullum ta gifta tasha sai an tsokane ta.

"Inna, a kai ki?"

"Ka kai kakarka."

Mujitaba ɗan Falgore ne, ya zo garin da babur da matarsa Nusaiba da 'ya'ya ƙanana. Yana da wata ɗabi'a: in ana yi masa magana sai ya dinga gyaɗa kai, ko an gama shi bai gama ba. Ya daɗe yana zarya gidan Inna Saude tana cewa ba ta gan shi ba tukuna. Ran nan da hantsi tana tankaɗe, sai ga ƙadangaren nan mai jan kai, jangwada, ya hau jikin rumbu ya ɗago ƙirji yana gyaɗa mata kai. Ta saki rariya ta kwashe da dariya har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Rigar ta ba ta wahala. Kan jangwada ba ja ba ne, ba kuma ruwan goro zalla ba, sai da ta haɗa zaren wata rigar yara da silin ja sannan ya fito. Shuɗin jikin ta murɗa shi da baƙi don ya yi sheƙi in rana ta doke shi. Ta tayar da ƙaya-ƙaya a tsakiya irin ta gadon bayansa, waɗanda kuma suke hana fasinja zamewa, ta ƙare da ruwan toka a wutsiya. Wadda ta riƙe mata zaren tana naɗewa ita ce Muhsina, 'yar ƙaninta da ta tashi a hannunta.

"Inna, ƙadangare kika mai da ni?" in ji Mujitaba, yana gyaɗa kai.

"Ni na ce ka dinga gyaɗa kai? Ɗauki ka ba ni wuri."

Ba a yi rigar da ta kai ta kyau a tashar ba, ba a kuma yi ɗan acaɓar da mata suka sakankance da shi kamar Jangwada ba. Ba ya gudu, ba ya leƙa ƙullin mutane, in ya kai yarinya makaranta sai ya ga shigarta. Wannan shi ne yaron da yau aka zauna ana juya sunansa tare da tuwo.

Daga gidan sunan, gidan Kande ta nufa, mai ɗinkin da aka gudu da kan kekenta. Ta tarar da ita zaune a gaban teburin keken, rami a tsakiyarsa, kayan mutane jibge a gefe.

"Sannu Kande, ya haƙuri? Allah ya mayar da alheri." A tsaye ta gama wannan, sannan ta ɗora. "Wa kika ba?"

"Jangwada, Inna."

"Ya yi magana?"

"Na kira, ya tsaya, na miƙa, na ce wurin mai gyara na bakin kasuwa. Ya karɓa ya ɗaure."

"Ya gyaɗa kai?"

Kande ta kau da kai tana gyara kayan mutane.

"Yaron da ko sannu kika ce masa sai ya gyaɗa kai kamar wuyan zai cire! Ya gyaɗa ko bai gyaɗa ba?"

"Inna, ni ban kalli kansa ba."

"Ba ki kalli kansa ba, ba ki ji muryarsa ba, amma kin iya tura mijinki wurin 'yan sintiri! Kin san abin da kika ɗora wa ɗan mutane? Mai mata da 'ya'ya?"

Kande ta miƙe, idonta ya kawo ruwa. "Ni ma ai ina da 'ya'yan, kuma da keken nan nake rufa musu asiri. Wa ya ce mana ba a yin riga biyu iri ɗaya? Ba ke ba ce? Shekara da shekaru kina cewa in mun ga launi mun ga mutum. To na ga launi."

Inna Saude ta juya, ta bar wa Kande maganar ƙarshe. Ba a saba ganin haka ba. Ta fita tana huci, ta hankaɗe akuyar da ta tare mata zaure.

'Yan sintiri ba su daɗe da Mujitaba ba. Ranar da abin ya faru yana can wajen Falgore, ruwa ya tsare shi a wata ruga inda ya je ɗauko masu tallan nono, dattijon rugar kuma da kansa ya tako ya ba da shaida. Aka sake shi. Amma bakin gari bai sake shi ba. Wasu suka ce an haɗa baki. Wasu suka ce aron babur ɗin ya bayar aka je aka yi. Masu sauƙin cikinsu suka ce ba shi ba ne, amma dai a bari abin ya lafa. Duk ɗaya ne a wurinsa: sai ya wuni a tasha babu wadda ta leƙo ta kira shi. Nusaiba ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna.

Sai ga shi wata la'asar ya yi sallama a gidan Inna Saude, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye baƙar leda a gabanta.

"Mene ne wannan?"

"Rigar ce, Inna. Na ce ko za ki ajiye min."

"Cirewa ka yi?"

"Yara na bi na suna cewa ɓarawon keke. Jiya wata na hango ni ta fizge 'yarta ta rufe ƙofa. Gara na zama ba kowa ba, ko baƙi na samu na ɗauka."

"Kai ka ɗauka?"

"Haba Inna."

"Kai ka ɗauka, na ce?"

"Wallahi ban ɗauka ba."

"To uban me ya sa ka tuɓe kamar wanda aka kama? Wanda ya ɗauka yana can yana yawo da launinka, kai mai shi ka ƙunshe a leda kamar kayan wanki! Gobe duk garin za su ce ga shi nan, ya ɓoye shaida."

Ya sunkuyar da kai, ya bar ledar, ya tafi. Abin da ya fi ƙona mata rai, tun zuwansa har fitarsa ko sau ɗaya bai gyaɗa kan ba.

Ghali Barkono ne ya gano inda abin ya fito. Ya kai fasinja kasuwar Tudun Wada, ya dawo a guje, ko sallamar kirki bai yi ba ya jefa wa Inna Saude wata riga a tabarma. Ruwan goro a gaba, shuɗi a baya, ruwan toka a ƙarshe. Saƙar keke ce, sumul, babu ƙaya, babu sheƙi, sabon zare mai ihu. Amma daga nesa, cikin ruwa, ta ƙofar zaure, Jangwada ce sak.

"A rataye suke a rumfa, Inna, reras! Har a kan babura na gani. Na ce wa mai rumfar uban wa ke kawo maka, ya ce wata ce daga garinku."

Masu keken saƙa a garin ba su da yawa. Wadda kuma ta san daidai inda ruwan goron ke ƙarewa shuɗi ya fara, guda ce.

Tun daga zauren gidan Muhsina ake jin ƙarar keken, ƙarrr, ƙarrr. A tsakar gida wani ɗan tsako na ɗingishi, guntun zare ruwan goro ya sarƙe masa ƙafa.

"Gwaggo! Sannu da zuwa, ina wuni? Bari na kawo ruwa."

"Riƙe ruwanki." Ta jefa rigar a kan keken. "'Yarki ce wannan?"

Muhsina ta goge hannu a zani. "Ni na yi."

"Ko kunya."

"Gwaggo, ai ban sayar a garin nan ba. Shi ya sa na aika Tudun Wada, don kada ranki ya ɓaci."

"Tudun Wada! Babur taya gare shi ko saiwa? Dasa su aka yi a Tudun Wadan? Abin da ke zuwa Kano ya dawo kafin la'asar, shi kika ce ba zai zo Ƙafin Maiyaki ba?"

"Ni ina na san ɓarawo zai saya?"

"Ba ki sani ba. Kin dai san sunan mutum ne kika zuba a keke kina murzawa, ana rataye shi a rumfa kamar takalman roba."

"Launi ne, Gwaggo, ba suna ba. Allah ya yi ruwan goro, Allah ya yi shuɗi. Ke ma a jikin ƙadangare kika gani, bai kai ki ƙara ba."

"Ni tsayawa na yi na kalla! Ke me kika kalla? Hannuna kika kalla. Ga duniya a gabanki. Ga ɗan tsakonki can, ga tsatsa a ƙofarki, ga man inji ya kwanta a kan ruwan kwatami ya yi bakan gizo. Tun kina mitsitsiya nake cewa ki buɗe ido!"

"Ke kina da lokacin tsayuwa. Ni in na tsaya kallon tsatsa wa zai taya ni da yaran? Na yi nawa launin, wallahi na yi, na aika, mai rumfa ya ce ba sa tafiya, irin ta Jangwada ake tambaya. Kuma ke riga guda sai ki kwashe lokaci kina yi, samari na jira, kujera na ƙona mutane. Na Tudun Wadan ba mutane ba ne?"

Akwai gaskiya a maganar, shi ya sa ran Inna Saude ya ƙara ɓaci.

"Na ji. Yafa mayafinki mu je gidan Kande, mu je tasha, ki faɗa da bakinki."

"Ni? A ce ni na yi wa ɓarawo riga? 'Yan sintiri su yi sallama a gidan mijina? Gwaggo, ki yi min rai. Zan daina, na hannuna ma zan warware, amma ba zan je ba."

"Za ki bar shi a ciki ke nan."

Muhsina ta juya baya tana kuka. Inna Saude ta durƙusa da ƙyar, ta kamo ɗan tsakon, ta warware masa zaren, ta sake shi. Ta ɗauki rigar ta fita ba sallama.

Ita kaɗai ta bi gida-gida da rigar bogin tana nunawa. In an tambaye ta wa ya yi, sai ta ce wata marar ido ce, ta tsaya nan. Matan suka juya, suka shafa, suka yi salati. Ta ɗauka magana ta ƙare. Sai wata ta ce, "To Inna, yanzu in mun hango launin, ta ina za mu gane na gaskiya?" Wata ta ce ita dai sai ta ga wata ta fara ba shi tukuna. Ko'ina ta shiga amsar ke nan. Kowa ta yarda ba shi ba ne, kowa na jiran wata ta riga ta. Mata masu hankali, masu sallah, waɗanda ya kai asibiti ya kai 'ya'yansu makaranta, suka naɗe hannu suna kallon gidan mutum na mutuwa a tsaye, wai suna jira.

Ta yi kwanaki ba ta taɓa zare ba. An kawo aikin suna ta kori mai kawowa. Ta zauna a gindin rumbu tana zagin kaji. A nan ne ran nan jangwada biyu suka kaure da faɗa a gabanta, suna zagaye juna suna bulala da wutsiya. Wanda aka kora ya gudu bayan tulu ya lafe, tana kallo kansa ya dushe, ya koma kalar ƙasa kamar ba shi ba. Ɗayan kuwa ya haye katanga cikin rana, kan nan ya yi ja wur kamar an hura garwashi. Duk kallon ƙadangarun da ta yi a rayuwarta ba ta taɓa lura da wannan ba.

Ta jawo baƙar ledar ta kwance. Rana ta ci gaban rigar, ya koɗe, ta bogin ma ta fi ta haske. Ta ja tsaki ta warware kan gaba ɗaya. Ta duba zaren gidan kaf, babu wanda ya kai zafin da take so. Sai idonta ya faɗa kan rigar bogin.

"Yau kam ihun nake so," ta ce.

Ta warware ta, ta murɗa ruwan goron da ja mafi zafi a igiyarta, ta ɗauko wayoyin Uba.

Ranar kasuwa rana ta fito bayan ruwa, tasha ta cika, masu rake da masu nono sun jeru a bakin hanya. Ghali na hango ta ya washe baki.

"Inna, a kai..." Ya ga fuskarta ya haɗiye sauran.

Mujitaba na can ƙarshen layi, zaune a kan baƙar kujera tsirara. Ya sauko zai gaishe ta, ta ture shi gefe, ta shimfiɗa rigar. Kan ya kama rana har sai da wani ya ce, "Kai!" Mujitaba ya miƙo hannu zai taya ta ɗaure igiyar, ta buge hannun.

"Inna, an gode, Allah ya saka. Amma ba rigar ba ce. Ko da zinare kika saƙa babu mai hawa."

"Na sani. Na fi ka sani, gidajen na shiga. Barkono, riƙe min sandar nan."

Ghali ya karɓa yana kallon sauran. Ta gyara ɗaurin zani, ta ja mayafi ta ɗaure a ƙugu, ta dafa kujerar.

"Inna, babur ne fa," in ji Rake, wanda ba ya magana.

"Af, na ɗauka jaki ne. Hau, kai kuma, ka tsaya kana kallona."

Mujitaba ya hau. Ta ɗaga ƙafa, ƙafar ta ƙi, ta zage ta, ta sake ɗagawa. Da bismillah da tsaki ta haye, ta damƙi rigar jikinsa da hannu biyu. Masu nono suka ajiye ludayi. Daga cikin rumfuna mata suka fara leƙowa, wata na taɓa wata. Ta ɗaga murya yadda har mai rake na ƙarshe zai ji, ta kama sunan da matan garin ba su taɓa damuwa su sani ba.

"Mujitaba, ka tayar. Ka bi da ni ta tsakiyar kasuwa, ka ɓulla ta ƙofar gidan Kande, ka zaga da ni duk lungun da aka rufe maka ƙofa. A hankali, don girman Allah, kada ka kayar da ni. Kuma ka ɗago kan nan naka su kalle ka."